Abin da ke mayar da robar tsohuwar kwamfuta ruwan ɗorawa, da iyakar abin da wanki zai iya yi

Duk wanda tsohuwar kwamfuta irin ta shekarun 1980 ta faɗo hannunsa, launin jikinta ne ke fara ɗauke masa ido. Robar da ta fito daga kamfani fara ko ruwan madara ta yi ja, wani wuri ruwan ɗorawa, wani wuri har ta doshi ruwan ƙasa. Nan take zuciya za ta raya masa ya nemo abin da zai dawo da hasken. A ganina wannan shi ne aiki na ƙarshe a jerin ayyukan da ke gabansa, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci, duk da cewa shi aka fi yayatawa. Launi bai taɓa kashe kwamfuta ba. Masu kashe ta suna ciki, wani ma yana kwance a ƙarshen wayar da ake jona wa bango.

Zan ɗauki Commodore 64 a matsayin misali, domin ita ce ta fi yawa a hannun masu wannan sha'awa. An fara nuna ta a Las Vegas ta Amurka a watan Janairun 1982, ta shiga kasuwa a watan Agustan shekarar a kan dala 595, aka ci gaba da ƙera ta har zuwa 1994 lokacin da kamfanin Commodore ya durƙushe. Ƙiyasin adadin da aka sayar yana tsakanin miliyan 12.5 da miliyan 17, shi ya sa har yau ake tsintar ta a rumbunan gidaje a Jamus da Ingila da Amurka. Kwamfutar gaba ɗayanta tana cikin akwatin da madannai ke kai, ana jona ta ne da talabijin. Abin da zan faɗa game da robarta ya shafi Amiga da Apple II da Atari da sauran sa'o'inta, domin kusan duk da roba iri ɗaya aka yi su.

Robar sunanta ABS, gaurayen sinadarai uku ce. Ɗaya yana ba ta ƙarfi da juriyar zafi, ɗaya yana ba ta sheƙi da sauƙin zubawa a mazubi, na ukun kuma, wanda ake kira butadayin, ɗanko ne da ke hana ta fashewa in ta faɗi. To wannan na ukun shi ne lagonta. Akwai wasu mahaɗai a jikinsa masu saurin karɓar iskar oksijin, musamman in hasken rana ko zafi ya zuga su. Da zarar oksijin ya shiga, sarƙar sinadarin takan tsinke a wurare, a samu sababbin ƙwayoyi masu shanye shuɗin haske. Abin da ya shanye shuɗi kuwa, rawaya yake dawo wa ido da ita. Kamar farin goro ne da aka fasa aka ajiye, iska kawai ke mayar da shi ja, illa dai na goro mintuna yake ɗauka, na roba shekaru. Canjin a fatar sama yake faruwa, a wani siririn ɓawo da bai kai kaurin takarda mai kauri ba. In ka buɗe akwatin ka duba cikinsa, ko ƙarƙashin wata takardar shaida da aka manna tun daga kamfani, galibi za ka ga launin asali ko abin da ya yi kusa da shi.

An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadarin buromin da ake zuba wa roba domin kada ta kama da wuta. Wannan bayani ya bazu ƙwarai, har yanzu shi mutane da yawa ke maimaitawa. Matsalarsa ita ce robar ABS da ba a sa mata buromin ba ita ma tana yin ja, don haka ko da yana taimakawa a wasu robobin, ruɓewar butadayin ce tushe. Wani abin da ke rikita mutane shi ne a buɗe kwali a tarar da kwamfutar da ta shekara 30 a duhu ta yi ja. Zafi kaɗai ya isa, a hankali yake aikinsa. Kuma ba kowane zubi ne yake daidai da ɗan'uwansa ba. Na'urar wasa ta Super Nintendo ta shahara da wannan: sai ka ga rabin sama ya zama ruwan ɗorawa, rabin ƙasa yana nan da ruwan tokarsa, alhali ɗaki ɗaya suka zauna, rana ɗaya ta duke su. Bambancin daga gaurayen da aka zuba kowane rabi ya samo asali. Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kowa ya san yadda murfin na'urar sanyaya ɗaki da makunnin wuta na bango ke canza launi bayan 'yan shekaru.

Kafin a kai ga maganar launi, doka ta farko ita ce kada a jona ta da wuta don a ga ko tana aiki. Wannan ɗokin ya hallaka kwamfutoci da yawa da suka tsallake shekaru 40 lafiya. Akwatin wutar Commodore 64 yana fitar da wuta iri biyu, bolt 5 mai gudu a hanya ɗaya da bolt 9 mai kai-da-komo. Yawancin akwatunan an cika cikinsu da wani ƙaro mai daskarewa kamar dutse, zafi ba ya samun mafita, gyara kuma ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Idan na'urar da ke daidaita bolt 5 ɗin ta tsufa, wutar ba ta ɗaukewa, hawa take yi. Ƙwayoyin ma'adanar bayanai, wato ƙananan na'urorin lantarki masu ƙafafu da ke cikin kwamfutar, waɗanda su ne kilobayit 64 ɗin da kwamfutar ta ci suna da su, ba sa jure hakan, sai su ƙone shiru ba hayaƙi ba wari. A sa mita a auna tukuna. Wadda ta doshi bolt 5.5 ba a haɗa ta da komai. Ko wadda ta nuna daidai a yau ba abin dogaro ba ce, domin takan canza hali in ta ɗauki zafi. Mafi kwanciyar hankali shi ne a sayi sabon akwatin wuta daga cikin waɗanda ake ƙerawa yanzu domin wannan kwamfuta, ko a sa 'yar na'urar kariya mai yanke wuta in ta haura.

Ga wanda kwamfutar ta zo masa cikin kayan gwanjo, akwai ƙarin abin dubawa. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana son bolt 110 zuwa 120 ne kuma hotonta na tsarin talabijin na NTSC ne. Wadda ta fito daga Ingila ko Jamus ita ta dace da wutar Najeriya ta bolt 230 da tsarin PAL. A karanta rubutun da ke jikin akwatin wutar kafin komai. Wutar janareto mai hawa da sauka kuwa ba ta dace da irin waɗannan tsofaffi ba sai an ratsa da na'urar daidaita wuta.

Sai buɗewa. Sukurori uku ne a ƙasa ta gaba, amma baya ba sukuru, wasu ƙananan ƙugiyoyin roba ne ke riƙe da shi. Robar da ta tsufa ta yi gautsi, mai gaggawa yana ɗaga murfin zai ji ƙas, ƙugiya ta tafi. A ɗaga daga gaba a hankali, a zare wayar madannai da ta fitilar wuta, sannan a sulale murfin. A ɗauki hoto da waya a kowane mataki, domin bayan kwana uku ba wanda ke tuna wace waya ce ta fito daga ina. A ciki, a yawancin na farko-farko, za a tarar da wani kwali mai rufin ƙarfe mai launin azurfa a kan babban allon da ƙwayoyin ke zaune a kai. An sa shi ne don kada kwamfutar ta dami rediyo da talabijin na maƙwabta, amma yana tare zafi, shi ya sa masu gyara da yawa ke cire shi su manna ƙananan ƙarafan shan zafi a kan manyan ƙwayoyin.

Commodore 64 ta yi sa'a guda: ba ta da batir a ciki. 'Yan'uwanta ba su samu wannan sa'a ba. Amiga 500, wadda ta fito a 1987, ana ƙara mata ma'adana ta wata ƙofa a ƙasanta, kuma katin ƙarin na A501 yana ɗauke da batir mai kama da ƙaramar ganga domin agogo. A Amiga 500 Plus batirin a kan babban allon yake zaune. Idan ya tsufa yakan tsiyayar da ruwa mai kaifin kanwa da ke cinye hanyoyin tagulla, ya bar kore-kore a ƙafafun ƙwayoyin da ke kusa. Wannan ɓarna tana ci gaba ko kwamfutar na kashe a cikin kwali. Ana yanke batirin a jefar, a shafa ruwan khal domin tsaminsa ya kashe kaifin, a bi da sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya, a busar, sannan a bi hanyoyin da mita a ga wadda ta yanke. Amiga 600 da 1200 na 1992 su kuma ƙananan kafasitocinsu, wato 'yan na'urorin da ke tara wuta na ɗan lokaci, ne ke yoyo, ana gane su da ƙarni irin na kifi in dalma ta taɓa wurin. Tsofaffin Macintosh batirinsu har fashewa yake yi a ciki. Akwatunan wutar Apple II da BBC Micro suna da wani kafasito na kamfanin RIFA wanda jikinsa ke tsattsagewa da tsufa, ana kunnawa ya tashi da hayaƙi mai cika ɗaki. Kowace kwamfuta da ciwon gidansu, kuma wanda ya san ciwon tun kafin ya kunna ya gama rabin aikin.

In an kunna Commodore 64 da wuta mai kyau, lafiyayya za ta nuna shuɗin allo da rubutun da ke cewa akwai bayit 38911 da ba a taɓa ba, da kalmar READY a ƙasa. Baƙin allo yawanci yana nufin ƙwayar da ake kira PLA, mai tsara yadda sauran ƙwayoyin ke isa ga ma'adana, ta mutu, ko ɗaya daga ƙwayoyin ma'adana. PLA akwai sababbin da ke maye gurbinta da araha. Wadda ake kuka a kanta ita ce SID, ƙwayar sauti da Bob Yannes ya tsara, wadda saboda muryarta har yau mawaƙa ke farautar wannan kwamfuta. Iri biyu ce, 6581 mai cin bolt 12 da 8580 mai cin bolt 9. Wanda ya ɗauki ta biyun ya dasa a gurbin ta farkon ba tare da gyara wutar ba, ya ƙona abin da an daina ƙera shi tuntuni.

Bayan ciki ya daidaita sai wanka. Nan ne mutane kan sha mamaki, domin kaso mai yawa na abin da suka ɗauka rawaya ce ashe dauɗa ce: maiƙon hannu, ƙura, da hayaƙin taba na gidajen Turai na wancan zamani. A raba robar da duk wani ƙarfe da waya, a jiƙa ta a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a bi lungunan iska da tsohon buroshin haƙori. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, wanda hannu zai iya zama a ciki. Fetur da sinadarin tsinka fenti da ruwan goge jan farce duk narkar da ABS suke yi, ɗigo ɗaya zai bar tabon da ba ya gyaruwa. Farin soson nan mai goge tabo shi ma kankara yake yi, in aka matsa sai ya cinye ɗan gurjin da ke fuskar robar, wurin ya koma sulɓi yana ƙyalli daban da sauran jiki. Madannai ana cire su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye ake ja ba a karkace ba, kuma kowanne yana da ɗan sifirin a ƙasa wanda in ya yi tsalle sai an yi rarrafe. Madannin da ya ƙi amsawa sau da yawa datti ne a kan baƙin ɗankon da ke taɓa allon da ke ƙarƙashin madannan, sifirit da auduga sun ishe shi. Don isa wurin sai an kwance ƙananan sukurori masu yawa, an kuma narke dalmar wayoyi biyu na madannin da ke kulle manyan baƙaƙe.

Sai an wanke an busar sannan za a san ainihin rawayar da ta rage. A nan ma akwai tarko ga mai Commodore 64 ta farko: ba fara ba ce tun asali. Launinta ruwan ƙasa ne mai haske da ya ɗan karkata zuwa toka, madannanta kuma ruwan ƙasa mai duhu. Samfurin 64C na 1986 ne ya zo da jiki mai haske. Wanda ya dage sai ta farkon ta yi fari zai wuce gona da iri ya samu wani launi fatau da kamfanin bai taɓa fitarwa ba. Ma'auni shi ne cikin akwatin.

Dabarar haskakawa ta fito ne a 2008 daga masu sha'awar Commodore da Amiga a Jamus da Ingila, suka raɗa mata suna Retr0bright. Jigonta shi ne hayidurojin feroksayid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Haɗin farko ya ƙunshi feroksayid mai ƙarfin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, da ɗan garin wanki mai sakin oksijin, da abin kaurara shi ya zama kamar kunu, sannan a shanya a rana ko ƙarƙashin fitilar ultarabayolet. Na kemis yawanci kashi 3 ne ko 6. Man da masu gyaran gashi ke haɗa rini da shi, wanda aka rubuta 40 a jikinsa, kashi 12 ne, kuma shi mutane suka fi ɗauka domin ya riga ya zo da kauri. Abin da feroksayid ke yi shi ne farfasa waɗancan ƙwayoyi masu shanye shuɗin haske su koma marasa launi. Haske da zafi suna hanzarta shi. Daga baya aka lura cewa ɗumi kaɗai ba tare da rana ba yana aiki, kuma abin mamaki, rana kaɗai ba tare da feroksayid ba tana ɗan haskaka robar in aka shanya ta kwanaki, ita ranar da ake zargi da jawo matsalar.

Hanyar shafa mai a naɗe da leda ita ce mafi araha kuma ita ce mafi ɓata kaya. Inda man ya taru da inda ya yi siriri ba sa haske daidai, inda ledar ta tattare yana barin zane, inda ya bushe kuma yana ƙona robar ta yi fari-fari kamar an watsa mata alli. A irin ranar Kano ko Zinder ta watan Afrilu man zai bushe kafin mutum ya juya, robar da kanta za ta yi zafin da dogon madanni na ƙasa zai iya lanƙwashewa. Wanda zai yi a nan gara ya yi da hantsi, yana dubawa yana sake murza man duk bayan rabin awa. Nutsarwa a cikin ruwan feroksayid mai sauƙin ƙarfi a babbar roba mai gani-har-hanji ta fi ba da launi bai-ɗaya, illa tana cin ruwa da yawa, kuma kumfa na taso da kayan sama, dole a danne su. Akwai masu rufe kayan a akwati tare da ɗan feroksayid a ƙasa ba tare da ya taɓa su ba, tururinsa ya yi aikin. Tana da jinkiri amma tabonta kaɗan ne. Kowace aka zaɓa, a cire tambarin ƙarfe da takardun shaida, a sa safar hannu da tabarau, domin kashi 12 yana ƙona fata kuma yana iya lalata ido, kada kuma a toshe shi a kwalba a rana. Bilic na wanki ba ya cikin wannan lissafi, kuma ba a gauraya shi da komai. Roba mai duhu, irin madannan Commodore 64 ta farko, ba a kai ta kusa da feroksayid, domin dabbare-dabbare take fitowa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne rawayar tana dawowa. Feroksayid ya goge launi ne, bai ɗinke sarƙar da ta tsinke ba, bai kuma mayar da sinadaran kariya da kamfani ya zuba waɗanda suka ƙare tuntuni ba. Robar da ke fuskantar iska yanzu ita ce dai waccan mai rauni, oksijin kuma bai je ko'ina ba. Mutane da yawa sun ga kayansu sun koma ja bayan 'yan shekaru, wasu ma suna ajiye a duhu. Kowane zagaye na haskakawa kuma ƙarin oksijin ne ake ɗura wa fatar da oksijin ya riga ya gajiyar. Masu adana kayan tarihi suna da ƙa'idar guje wa duk gyaran da ba za a iya warware shi ba, wannan kuwa ba ya warwaruwa. Shi ya sa ra'ayina ya rabu gida biyu. Kwamfutar da ake da irinta miliyoyi, wadda ta yi ja mai muni ko rabi-da-rabi, kuma mai ita yana son ya ajiye ta a tebur yana jin daɗin kallonta, ba laifi ya haskaka ta sau ɗaya, a hankali, ya tsaya tun kafin ta kai launin cikin akwatin. Wadda ba ta da yawa a duniya, ko wadda rawayarta ta bazu daidai ko'ina, sabulu da ruwa sun wadatar. Mai saye ma ya kamata ya yi hattara da wadda ta yi fari ƙal a hoto, ya tambaya ko an taɓa sa mata feroksayid da kuma yaushe.

Ga mai 64C akwai mafita ta uku. A tsakiyar shekarun 2010 an gano ainihin mazuban ƙarfe da Commodore ta zuba akwatin wannan samfuri da su, aka sake zuba sababbi da sabuwar roba, har da launukan da ba a yi su a da ba. Mutum na iya mayar da allon da madannai cikin sabon akwati ya yi ta amfani, ya naɗe tsohon ya adana yadda yake. Duk wanda aka zaɓa, ajiyar iri ɗaya ce: nesa da taga, nesa da ɗakin da rufin kwano ke gasawa da rana, a lulluɓe da ƙyalle saboda ƙurar hunturu maimakon leda mai tara gumi da damina, a kuma zare akwatin wutar daga bango duk lokacin da aka gama, domin makunnin da ke jikin kwamfutar ba ya kashe shi.